Hedifon ɗaya don jin waƙa da buga gem: wanne ya dace da mai ƙaramin ƙarfi?

Mai hali ba ruwansa da wannan tambaya. Zai sayi na jin waƙa daban, na buga gem daban, ya rataye su gefe da gefe. Wanda aljihunsa bai kai nan ba shi ne dole ya nemi guda ɗaya da zai ɗauki nauyin biyun, kuma a nan ake yawan tafka asara, domin abin da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba shi kunne ke ji ba.

Ga matsayina tun kafin mu yi nisa. In kuɗinka kaɗan ne, nemi hedifon mai kebul wanda aka ƙera don sauti kawai, sannan ka ƙara masa makirufo in kana bukata. Hedifon da ke fitar da waƙa da kyau kusan kullum yana yin gem da kyau. Amma ba kowane hedifon 'yan gem ne ke iya waƙa ba, saboda kuɗin da ka biya an raba shi gida-gida: wani kaso ya tafi ga fitilu masu canza launi, wani ga makirufo, wani ga akwatin USB da manhaja, abin da ya rage ne aka sa wa lasifikar da ke ciki. Akwai 'yan kaɗan da suka fita zakka, zan zo kansu.

Ɗakin da kake zaune shi zai fara yanke hukunci

Kafin sunan kowane kamfani, dubi bayan kofin da ke rufe kunne. Wani a toshe yake ruf, wani kuma raga ce ko ƙananan huji da iska ke ratsawa. Wannan bambancin ya fi duk wani adadi da za ka gani a kwali tasiri.

Mai buɗaɗɗen baya yana barin sauti ya fita, ba ya komawa ya yi ta bugun bangon kofi. Sakamakon haka sai ka ji kiɗan kamar a gabanka da gefenka ake yin sa, ba a tsakiyar ƙoƙon kanka ba. Murya takan fito tas, kayan kiɗa ba sa cakuɗewa, kunne ba ya saurin yin gumi, kuma kana jin muryarka in kana magana, don haka ba za ka riƙa yi wa abokan wasa ihu ba tare da ka sani ba. A gem, wannan faɗin yana taimakawa wajen gane nisa: harbin nan daga bayan katanga ne ko daga can ƙarshen fili.

Aibinsa biyu ne, kuma ba ƙanana ba. Duk abin da kake ji, na kusa da kai ma yana ji. In da mai barci a ɗakin, ka tashe shi. Sannan duk hayaniyar waje tana shigowa kamar ba ka sa komai ba: fanka, ƙarar kwamfutar kanta in ta ɗauki zafi, hirar mutane. Abin da mutum ke yi a irin wannan hali shi ne ya ƙure ƙara, kuma nan ne illar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba zai iya sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80 har awa 40 a mako ba tare da fargaba ba, amma da zarar an ɗaga ƙarar, lokacin yana raguwa da sauri ƙwarai. Ƙarin desibel 3 kacal yana rage shi da rabi. Mai buɗaɗɗen hedifon a wuri mai hayaniya ya fi kowa saurin tsallake wannan iyaka.

Mai rufaffen baya ya magance waɗannan biyun, kuma yawanci bes ɗinsa, wato sauti mai kauri na ƙasa, ya fi nauyi, ana jin dukan ganga a jiki. Kuɗin da ake biya shi ne ƙuncin fili, wato sauti ba ya faɗi, da zafi. A masu araha ma akwai wata matsala: bes ɗin yakan kumbura ya hau kan murya, sai waƙa ta zama kamar daga cikin tulu take fitowa. A gem mai harbe-harbe wannan kumburin ba ado ba ne, cikas ne, domin bam ɗaya ya fashe sai rugugin ya binne takun wanda ke lallaɓowa ta bayanka.

Saboda haka tambayar farko ita ce: kai kaɗai ne a ɗakin, kuma shiru ne? In eh, buɗaɗɗe. In a'a, kada ka bari yabon da masana sauti ke yi wa buɗaɗɗe ya ruɗe ka.

Batun 7.1

Wannan adadi, mai nufin sauti kamar daga lasifika bakwai da ke kewaye da kai da ɗaya ta bes, ya ci kuɗin mutane da yawa. Kusan duk hedifon da aka rubuta wa 7.1 lasifika biyu ne a cikinsa, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar kowane. Sauran aikin manhaja ce ke yi.

Kunne biyu gare ka, amma kana gane abin da ke bayanka. Yadda hakan ke faruwa shi ne, sautin da ya taso daga dama yana riga isa kunnen dama da ɗan lokacin da bai kai milisakan ɗaya ba, kai yana tare wani ɓangarensa kafin ya kai hagu, sannan lanƙwashe-lanƙwashen fatar kunne suna sauya shi gwargwadon inda ya fito, sama ko ƙasa, gaba ko baya. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa waɗannan alamu. Masu ƙera gem sun daɗe da koyon kwaikwayon wannan da lissafin da ake kira HRTF. Counter-Strike ya samu nasa tun 2016, Valorant ya bi sahu a 2021, PlayStation 5 kuma da nata tsarin ta zo. Duk waɗannan hedifon sitiriyo, wato mai dama da hagu, na yau da kullum suke bukata.

In ka kunna maɓallin 7.1 na hedifon a kan gem ɗin da ya riga ya yi wannan lissafin, an sarrafa sautin sau biyu ke nan. Za ka ji fili ya ƙara faɗi, har ka ce an burge ka, amma in aka ce nuna daidai inda takun yake sai ka kasa, ya watse ko'ina. Ga waƙa kuwa ɓata ta yake yi: murya ta ja baya, amsa-kuwwa ta shigo inda mai haɗa waƙar bai sa ba. Wanda kuma yake son irin wannan sautin don kallon fim ko tsofaffin gem, Windows Sonic na nan kyauta cikin Windows 10 da 11, yana aiki da kowane hedifon. Dolby Atmos na hedifon ana biya, amma shi ma bai zaɓi wani samfuri ba. Babu dalilin ƙara ko kwabo don an buga 7.1 a kwali.

Haka girman lasifika. Milimita 50 ba ta nufin ta fi milimita 40 daɗi. Shi kuma rubutun nan na 20Hz zuwa 20kHz iyakar jin ɗan Adam ce kawai, kowa yana rubuta ta, ba ta gaya maka komai game da yadda sautin yake tsakanin iyakokin biyu.

Su wa ke cikin fili

A ɓangaren buɗaɗɗu, wanda na fi nuna wa mutane shi ne Philips SHP9500. Lasifikarsa milimita 50 ce, ohm 32 (ma'aunin turjiyarsa ga lantarki ke nan), wayar hannu ma tana tuƙa shi ba wahala. Kofunansa manya ne, ba ya matse kai, mutum zai yi awa da awanni da shi. Murya da kayan kiɗa masu tsirkiya suna fita sarai. Rauninsa bes ne na can ƙasa: akwai shi, amma ba ya girgiza kowa. Mai jin waƙoƙin da ganga da bes ke jan ragamarsu zai ji kamar an rage wani abu. Kuma saboda sakwa-sakwa yake, in ka sunkuya da sauri yana iya zamewa. Abin da ya ɗaga shi sama da tsararrakinsa shi ne kebul ɗinsa ana cire shi, kuma ramin na milimita 3.5 ne na gama-gari. Wato in kebul ya tsinke, kowane irinsa zai shiga. Sannan akwai makirufo irin V-MODA BoomPro da aka haɗa shi da kebul: ka zare na asali, ka soka wannan, hedifon waƙa ya koma na 'yan gem nan take, da makirufon da ya fi na mafi yawan masu araha kyau.

Ƙasa da shi a kuɗi akwai Samson SR850 da Superlux HD681, 'yan uwan juna a siffa, dukansu sun ɗauko ƙirar AKG K240. Rabi buɗe suke rabi rufe. Don gane inda sauti ya fito, suna yin abin da ya fi ƙarfin kuɗinsu, kuma bes ɗinsu ya fi na Philips ɗin tashi. Amma saman sautinsu da kaifi. Harafin "s" a bakin mawaƙi da ƙarar kuge suna iya sukar kunne, musamman a HD681, kuma bayan awa biyu wasu sukan ji sun gaji. Kebul ɗinsu ba ya fita, robar jikinsu kuma da ka riƙe ka san an yi tsimi. In kunnenka ba ya son kaifi, tsallake su, ko ka shirya rage shi da manhaja.

Sai kamfanin Koss na Amurka, mai abubuwa biyu da ganinsu ba ya cika ido. KSC75 ba shi da ma madaurin kai, maƙale shi ake yi a bayan kunne, ka ce kyautar cikin jirgi ce. Sa shi ka ji. Faɗin filinsa da tsabtar muryarsa sun sa masu hedifon masu tsada da yawa suna ajiye guda a aljihun tebur. Araha ba ta ado, gaskiya ne, amma wannan ba don ado aka yi shi ba. Bes na ƙasa babu sosai, kebul siriri ne, kuma ba ya tare hayaniya ko kaɗan. Ɗan uwansa Porta Pro tun 1984 ake ƙera shi kusan ba a sauya masa kama ba. Sautinsa da ɗumi da kauri, ya fi daɗin waƙa, ya ɗan gaza KSC75 wajen tsinto taku a gem. Mai suma ya yi hattara: ƙarfen madaurinsa mai zamewa yana cafke gashi in za a cire.

A ɓangaren rufaffu zaɓin ya fi wuya, domin yin rufaffen hedifon mai kyau da kuɗi kaɗan aiki ne ja. Audio-Technica ATH-M20x shi ne na matakin farko: mai ƙwari, sauti ba yabo ba fallasa, kebul mai tsawon mita 3 da ba ya fita. A tebur tsawon ba laifi, amma tayar kujera ba ta raga masa. Yayansa M40x ya fi shi tsabtar sauti, kebul ɗinsa yana fita, sai dai irin mai murɗawa ya kulle ne na kamfanin, BoomPro ba zai shiga ba. Dukansu biyu filinsu a ƙuntace yake, kushin ɗinsu ba zurfi, mai manyan kunnuwa zai ji suna taɓa ciki. Sony MDR-7506, wanda tun 1991 yake yawo a gidajen rediyo da wuraren ɗaukar fim, an yi shi ne don ya tona aibin sauti, ba don ya lallashi kunne ba. Yana fito da ƙananan motsi a gem, amma kaifinsa da nauyin naɗaɗɗen kebul ɗinsa ba kowa ke jurewa ba.

In don waƙa ne zalla, AKG K361 ya fi su duka a kunnena. An daidaita shi kusa da ma'aunin da kamfanin Harman ya fitar bayan shekaru yana gwada abin da yawancin masu sauraro suka fi so, binciken da Sean Olive ya jagoranta. Bes ɗinsa yana sauka ƙasa sosai ba tare da ya hau kan murya ba, wanda shi ne ainihin abin da ake nema a gem ma. Ba shi da nauyi, yana naɗewa. Sharaɗinsa kushin ya manne da fata sosai. Mai tabarau ya lura da wannan: ƙafar tabarau tana ɗaga kushin kaɗan, iska ta samu hanya, bes ya zube. Wannan ya shafi duk rufaffu, amma a wasu ya fi bayyana. In da hali, gwada da tabaran a fuskarka.

Yanzu waɗanda na ce sun fita zakka. HyperX Cloud II ya fito a 2015 kuma har yau ana sayensa, ba don banza ba. Asalin ƙirarsa daga wani hedifon sauti ne, Takstar Pro 80, aka ƙara masa makirufo da akwatin USB. Wato an fara da sauti, sannan aka yi masa kayan gem, ba akasin haka ba. Firam ɗinsa na alminiyam ne, kushin da taushi, makirufo ana zare shi, kuma kebul ɗin yana ƙarewa da kan milimita 3.5, don haka yana shiga wayar hannu ko abin riƙe gem ba sai da akwatin ba. Sautinsa irin mai ɗaga bes da sama ne ya ɗan danne tsakiya. Waƙa tana da armashi, amma murya ba ta kai ta K361 ko SHP9500 gaskiya ba. Ga wanda yake son abu ɗaya a kwali ɗaya, ya soka ya fara wasa, ba ya son haɗe-haɗe, wannan zaɓi ne da ba zan hana ba. Ka bar maɓallin 7.1 ɗin a kashe kawai. Razer BlackShark V2 X ya fi shi sauƙin kuɗi da rashin nauyi, yana tare hayaniya daidai gwargwado, yana wadatarwa a gem, amma a waƙa bai kai ba.

Akwai hanya ta uku da mutane ke rainawa: iyafis mai shiga cikin kunne. Daga wajen 2022 kamfanonin ƙasar Sin irin su Moondrop, 7Hz da Tangzu suka cika kasuwa da masu araha da aka daidaita da kyau, misali Chu II, Salnotes Zero da Wan'er. In ana maganar ingancin waƙa a kan mafi ƙarancin kuɗi, babu babban hedifon da ke kama ƙafarsu. Suna toshe hayaniya fiye da rufaffen hedifon, ba zafi, ba nauyi a ka, kebul ɗinsu ana sauyawa. Ƙwararrun 'yan gasa ma iyafis suke sawa a dandali, su ɗora babban hedifon a kai don toshe ihun 'yan kallo. Filinsu bai kai na buɗaɗɗe ba, amma dama da hagu suna fita daidai. Matsalar ita ce ba kowa ke jure abu a cikin kunne na tsawon lokaci ba, kuma sai ka dace da girman robar bakin. In ta yi ƙanƙanta bes zai ɓace gaba ɗaya, ka ɗauka jabu aka sayar maka. Gwada duk girman da aka saka a kwalin kafin ka yanke hukunci.

Kebul ko Bluetooth

Ga waƙa, Bluetooth ya wadatar, ba na cikin masu kushe shi. Ga gem kuwa matsala biyu gare shi da talla ba ta faɗa.

Ta farko jinkiri. Bluetooth na gama-gari yakan makara da kusan milisakan 150 zuwa 250. A bidiyo ba ka lura, domin manhaja tana jinkirta hoton ya jira sautin. Gem ba ya jira. A allon da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa, jinkirin milisakan 200 daidai yake da hoto 12. Ka danna harbi, ka ga wuta a bakin bindiga, sannan ƙara ta biyo baya. A gem na labari ko na dabara ana iya haƙuri. A na gasa, kafin ka ji takun an riga an gama da kai.

Ta biyu ta fi ɓoyuwa. Da zarar ka buɗe makirufon hedifon Bluetooth don magana da abokai, yawancinsu suna sauka daga tsarin jin waƙa zuwa tsarin kiran waya. Sautin ya koma guda ɗaya a kunne biyu, ba dama ba hagu, ingancinsa ya faɗi warwas. Mutum ya shiga Discord, manhajar hira da murya, nan take gem ɗin ya koma kamar rediyo mai raunin batir, ya yi ta laluben saituna yana zaton kwamfutar ce ta lalace. Sabon tsarin LE Audio ya zo da gyara, amma sai hedifon da kwamfutar duka suna da shi.

Marasa kebul na 'yan gem masu ɗan tsinken USB, waɗanda ke aiki a kan 2.4GHz, sun kauce wa matsalolin biyu. Sai dai a kuɗi kaɗan, batir da rediyon da ke ciki sun cinye kason lasifika, kuma batir yana tsufa. Bayan 'yan shekaru hedifon mai kebul yana nan yadda yake, shi kuwa wancan ya fara neman caji kafin a tashi wasa.

Makirufo da inda za a soka

Nan ne ƙananan abubuwa ke ba mutane ciwon kai. Dubi kan kebul ɗin: in zobe biyu baƙaƙe ne a jikin ƙarfen, sauti ne kawai. In uku ne, da makirufo a ciki. Laftof da abin riƙe gem yawanci rami ɗaya gare su mai karɓar duka biyun. Kwamfutar tebur kuwa rami biyu ne, kore na sauti, ruwan hoda na makirufo. In ka soka mai zobe uku a koren rami za ka ji sauti, amma ba wanda zai ji ka. Maganin ɗan kebul ne mai raba ɗaya zuwa biyu. Duba ko yana cikin kwalin kafin ka biya.

In hedifon da ka zaɓa ba ya karɓar BoomPro, akwai Antlion ModMic mai mannewa a gefen kofi da maganaɗisu, amma shi kaɗai yana iya kai kuɗin hedifon mai araha. Ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga ko na USB na ajiyewa a tebur sun fi sauƙi. Na tebur yana ɗaukar ƙarar madannai, wannan kuma abokan wasanka ne za su gaya maka. Wanda gem ɗinsa na shi kaɗai ne, ba ya magana da kowa, ya manta da wannan babi gaba ɗaya ya zuba kuɗin a sauti.

Wani abu kuma: ka sayi sabon hedifon, ka soka a ramin gaban kwamfutar tebur, sai ka ji wani siririn tsaki da ke ƙaruwa duk lokacin da ka motsa linzami ko gem ya fara. Ba laifin hedifon ba ne. Wayar da ke kai sauti ramin gaba tana ratsa cikin akwatin ne, tana kwasar hayaniyar lantarki. Koma ramin baya. In bai daina ba, ɗan ƙaramin adafta na USB-C zuwa milimita 3.5, irin wanda ake yi wa wayoyin da ba su da ramin iyafis, yakan share matsalar, kuma sau da yawa sautinsa ya fi na cikin kwamfutar tsabta. Iyafis sun fi kowa tona wannan tsakin saboda saurin amsawarsu.

Batun ohm ba ya bukatar dogon bayani a wannan mataki. Duk waɗanda na ambata tsakanin 16 ne zuwa 60 da 'yan kai, ba sa neman amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti. Inda za ka yi taka-tsantsan shi ne in ka ci karo da na hannu mai kyau, irin Beyerdynamic DT 770 ko DT 990, domin suna zuwa kala-kala, har da mai ohm 250. Wannan a laftof zai iya yin ƙasa-ƙasa ko ka ƙure ƙara, sai ka sake kashe kuɗin da ka yi zaton ka tsimi.

Abin da ke fara mutuwa a hedifon ba lasifika ba ce. Kebul ne, daidai inda ya shiga kofi ko kusa da kai, sai kushin. Kushin fatar roba yana toshe sauti da kyau, yana riƙe bes, amma yana tara gumi, kuma wata rana za ka cire hedifon ka ga baƙin ɓarɓashi a kunnenka da wuyan riga: ya fara saɓa ke nan. Na karammiski ko yadi ya fi shan iska da daɗewa, sai dai yana sakin bes da hayaniya. Kafin ka saya, bincika ko ana samun kushin canji na wannan samfurin. Na M40x, 7506, Cloud II da Koss suna ko'ina. Na SHP9500 cire su da ɗan wahala. Ka kuma sani sauya kushin yana sauya sauti, wani lokaci sosai, don haka nemi mai kama da na asali.

Akwai kuma gyaran da ba ya cin ko sisi. Manhajojin daidaita sauti irin Equalizer APO a Windows, ko Wavelet a Android, suna ba ka damar rage kaifin SR850 ko ƙara wa SHP9500 ɗan bes, kuma aikin AutoEQ ya tara saitunan da aka auna na dubban samfura, sai dai ka ɗauko naka ka ɗora. Ba zai mai da rufaffe ya zama buɗaɗɗe ba, ba zai gyara kushin da ke ciwo ba, amma yakan rufe rabin tazarar da ke tsakanin mai araha da mai tsada.

To wanne? Mai ɗaki shi kaɗai, mai shiru, wanda ke raba lokacinsa tsakanin waƙa da gem: SHP9500, da BoomPro in yana magana da abokai. Wanda ke cikin mutane ko hayaniya kuma waƙa ta fi masa muhimmanci: K361 da makirufo daban. Wanda gem da hira suka fi yawa kuma ba ya son tarkace a tebur: Cloud II. Wanda kuɗinsa bai kai ko ɗaya daga cikin waɗannan ba kada ya sauka zuwa hedifon mai fitilu marar suna; ya ɗauki iyafis irin Salnotes Zero ko Chu II in da hayaniya, KSC75 in babu.

Kai da kunnuwa ba iri ɗaya ba ne, sayen hedifon ba a gwada ba kuwa cinikin biri a sama ne, don haka saya inda ake karɓar kaya in ba su yi ba. Ranar da ya iso, sa waƙar da ka haddace, wadda ka san inda kowane kiɗa ke shigowa, a ƙarar da ka saba. Sannan shiga gem, kunna HRTF, kashe duk wani 7.1, ka tsaya kusa da abu mai ƙara a wuri ɗaya, ka rufe ido ka juya a hankali ka ga ko kana bin sa daga gaba zuwa gefe zuwa baya ba tare da ya yi tsalle ba. Daga nan bar shi a kanka awa biyu cur. Matsi a saman kai da zafin kunne ba sa nuna kansu a minti goma na farko.